BABI NA UKU: YAƘI DA CUTAR SHAN INNA A KARKARAR AREWACIN KANO, 1988–2020

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai yi nazari ne a kan yadda cutar shan inna ta yaɗu a karkarar arewacin Jihar Kano, da hanyoyin da aka bi wajen bin sawunta da auna garkuwar jikin yara, da kuma yadda aikin rigakafi ya gudana tun daga shekarar 1988 har zuwa 2020. Yawancin rubuce-rubucen da aka yi a kan wannan batu sun fi mayar da hankali ga dakatar da rigakafin da aka yi a shekarar 2003, kamar dai a ce nan ne mafarin matsalar. Abin da babin yake son nunawa shi ne, dakatarwar ta tarar da matsalar ne a ƙasa, ta kuma ƙara mata ƙarfi. Tushen al'amarin yana ga yanayin zaman jama'ar yankin, da durƙushewar rigakafin yau da kullum a asibitocin karkara, da kuma rashin yarda tsakanin talakawa da hukuma.

3.1 Yanayin Ƙasa da Zaman Jama'a

Yankin da ake magana a kansa ya ƙunshi ƙananan hukumomi irin su Ungogo da Dawakin Tofa da Bichi da Minjibir da Gezawa da Makoɗa da Ɗambatta. Tun a shekarar 1965 masana labarin ƙasa Mortimore da Wilson suka bayyana kewayen Kano a matsayin ɗaya daga cikin karkarun da suka fi yawan jama'a a Afirka ta Yamma, inda akan sami kimanin mutum 350 ko fiye a kowane murabba'in mil. Kusan kowace gona ana noma ta duk shekara ba tare da an bar ta ta huta ba, saboda haka manomi ya dogara ga taki. Shekara da shekaru jakuna suna shiga birni da itace da hatsi, su fito da mangalar taki, kafin daga baya motocin a-kori-kura su karɓi aikin.

Wannan yanayi yana da muhimmanci ga tarihin cututtuka ta fuska uku. Na farko, birni da ƙauye ba su rabu ba, domin kullum mutane suna kai da kawo tsakaninsu. Hatta ruwan Jakara da ke kwashe dattin birni, arewa maso gabas yake gangarawa zuwa madatsar Wasai a Minjibir, ana kuma noman rani a gefensa. Na biyu, manyan hanyoyi sun ratsa yankin: hanyar Katsina ta bi ta kasuwar hatsi ta Dawanau da Bichi, ta Daura kuma ta bi ta Ɗambatta da Kazaure har zuwa Damagaram a Jamhuriyar Nijar. Fatake da 'yan ci-rani da almajirai da makiyaya duk ta nan suke bi. Na uku, jama'a da yawa ba a cikin gari guda suke zaune ba, a warwatse suke cikin ƙananan unguwanni a tsakiyar gonaki. Irin wannan zama yana sauƙaƙa wa cuta tafiya daga gida zuwa gida, amma yana wahalar da ma'aikacin da aka ce ya bi kowane gida kada ya tsallake ko ɗaya.

3.2 Shan Inna a Fahimtar Bahaushe da ta Likitanci

Sunan cutar kansa ya nuna yadda Bahaushe ya fahimce ta tun asali. A al'adar bori, Inna iska ce wadda aka yi imani tana shanye wa yaro ƙafa ko hannu. Don haka idan yaro ya kwana da zazzaɓi ya wayi gari ƙafa ba ta ɗaukarsa, wurin mai maganin gargajiya ko malami akan fara nufa, asibiti sai daga baya. Elisha Renne ta yi bayanin wannan fahimta a littafinta na shekarar 2010 bisa binciken da ta gudanar a Zariya.

A likitance kuwa, ƙwayar cuta ce ta bairos take haddasa shan inna, kuma iri uku ce: ta ɗaya da ta biyu da ta uku. Tana shiga ta baki, ta hayayyafa a cikin hanji, ta fita ta bayan gida, sannan ta koma bakin wani yaron ta hanyar ruwa ko abinci ko hannun da ba a wanke ba. Ta fi kama yara 'yan ƙasa da shekara 5, ta kuma fi yaɗuwa da damina. Babban abin lura shi ne, cikin yara kimanin 200 da suka kamu, ɗaya ne kawai yake shanyewa. Sauran suna yawo da ƙwayar suna yaɗa ta ba tare da wata alama ba. Ke nan yaro ɗaya da aka gani ya shanye a wani ƙauye alama ce ta cewa ɗaruruwa sun riga sun ɗauka. Wannan ne ya sa masana suke ɗaukar cutar a matsayin annoba ko da waɗanda suka shanye ba su da yawa, alhali mutumin ƙauye yana ganin ba ta kai ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro kisa ba. Bambancin fahimtar nan ya bi aikin rigakafi har ƙarshensa.

3.3 Daga Lambar Agana Zuwa Ɗigon Baki

Rigakafi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Kano. Tun zamanin En'e ake yin lambar agana, kuma a shekarar 1967 aka fara gagarumin shirin kawar da cutar a ƙasashe 20 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. A wancan lokaci umarni daga sarki yake fitowa zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, daga dagaci zuwa mai unguwa, jama'a su taru a ƙofar fada ko a kasuwa a yi musu lamba. Zuwa shekarar 1970 an daina ganin agana a Nijeriya, a 1980 kuma aka bayyana kawar da ita daga duniya baki ɗaya.

Wannan nasara ce ta ƙarfafa wa Hukumar Lafiya ta Duniya gwiwa ta ƙuduri aniyar kawar da shan inna a shekarar 1988, lokacin da ake ƙiyasin cutar tana shanye yara 350,000 kowace shekara a ƙasashe 125. Maganin da aka dogara da shi shi ne na ɗigawa a baki wanda Albert Sabin ya samar, saboda yana da araha kuma ba ya buƙatar mai allura. Sai dai akwai bambanci tsakaninsa da lambar agana. Lamba sau ɗaya ake yi, ta bar tabo a damtse wanda kowa yake gani. Ɗigon baki kuwa sai an maimaita shi sau da yawa, ba ya barin shaida, kuma zafi yana lalata shi idan ba a ajiye shi cikin sanyi ba.

Bugu da ƙari, lokacin da aka fara zagayen gida-gida a ƙarshen shekarun 1990, ƙananan asibitocin karkara sun riga sun shiga wani hali. Matsin tattalin arzikin da ya biyo bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya sa magani ya yi ƙaranci, rigakafin yau da kullum da ya yi ƙarfi a wajajen 1990 ya ja baya ƙwarai. Magidanci da ya kai ɗansa asibiti da zazzaɓi aka rubuta masa magani ya je ya saya, shi ne kuma ake biyowa har gida da maganin kyauta na cutar da bai roƙa ba. Tambayar da ya yi, cewa me ya sa wannan kaɗai ne kyauta, ba ta sami gamsasshiyar amsa ba har tsawon shekaru.

3.4 Dakatar da Rigakafi, 2003–2004

Akwai abubuwan da suka share fagen dakatarwar. A shekarar 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya shafi yara kimanin 200 a Asibitin Zana na Kano, inda 11 suka rasu. Kamfanin ya tsaya a kan cewa sanƙarau ne ya kashe su, amma shari'a ta ci gaba har zuwa 2009 da aka yi sulhu da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75. Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ga kuma tsarin ƙayyade iyali da gwamnatin Babangida ta fito da shi a 1988, ga yaƙin da Amurka ta ƙaddamar a Iraƙi a 2003, waɗanda duka suka ƙara zargin cewa akwai wata manufa a ɓoye.

A shekarar 2003 shugaban Majalisar Ƙoli ta Shari'a a Nijeriya, Dokta Ibrahim Datti Ahmed, wanda shi kansa likita ne, ya yi zargin cewa an gurɓata maganin da sinadarin hana haihuwa. Wasu jihohin Arewa sun dakatar da aikin na ɗan lokaci, amma a Kano, ƙarƙashin Gwamna Malam Ibrahim Shekarau, dakatarwar ta ɗauki kimanin wata 11. Gwamnatin Tarayya ta tura kwamiti zuwa Afirka ta Kudu da Indiya da Indunisiya, ya dawo ya ce maganin ba shi da illa. Kano ba ta koma ba sai a ƙarshen watan Yulin 2004, bayan an amince za a kawo maganin daga kamfanin Bio Farma na Indunisiya, ƙasar da mafi yawan jama'arta Musulmi ne.

Alƙaluma sun nuna abin da ya biyo baya. Yaran da aka tabbatar sun shanye a Nijeriya sun tashi daga 202 a 2002 zuwa 355 a 2003, zuwa kusan 800 a 2004, sannan suka haura 1,100 a 2006. Abin lura a nan shi ne, adadin ya ci gaba da hauhawa shekara biyu bayan gwamnati ta janye dakatarwar. Wato umarnin gwamna ya buɗe ƙofar jiha, amma bai buɗe ƙofar gida ba. A karkara mai gida ne yake da ikon cewa a shiga ko kada a shiga, kuma da yawa sun ci gaba da ɓoye 'ya'yansu a ɗaki ko a tura su gona ranar da ma'aikata za su zo.

3.5 Bin Sawun Ƙwayar Cutar

Hanyar farko ta bin sawu ita ce ta cigiyar duk yaron da bai kai shekara 15 ba wanda wata gaɓa tasa ta saki farat ɗaya. Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido kan cututtuka, wanda zai karɓi bayan gidan yaron sau biyu cikin kwana 14 da fara ciwon, ya sa a akwatin ƙanƙara, a aika ɗakin gwaji na Ibadan ko na Maiduguri. Da yake iyaye a karkara ba asibiti suke fara zuwa ba, sai aka jawo masu maganin gargajiya da masu ɗori da masu kemis da ungozomomi cikin masu kai rahoto.

Hanya ta biyu ita ce ta gano salsalar ƙwayar. Yayin da take wucewa daga yaro zuwa yaro, tsarin halittarta yana ɗan sauyawa da kimanin kashi 1 cikin 100 a shekara. Ta haka masana suke gane dangantakar ƙwayar da aka samu a wata ƙasa da wadda aka samu a wata, kamar yadda ake jero nasabar mutum. Da wannan hanya aka tabbatar cewa tsakanin 2003 da 2006 ƙwayar da ta samo asali daga arewacin Nijeriya ta shiga ƙasashe kimanin 20 da suka riga suka rabu da cutar. Ta bi ta Nijar da Cadi zuwa Sudan, ta tsallaka Bahar Maliya zuwa Saudiyya da Yaman, a 2005 kuma ta ɓulla a Indunisiya. Wannan ita ce tsohuwar hanyar da alhazan ƙasar Hausa suka daɗe suna bi. Sakamakon haka hukumomin Saudiyya suka wajabta wa maniyyatan Nijeriya karɓar ɗigon, abin da ya yi tasiri ƙwarai a zukatan jama'a, domin da wuya a ce ƙasa mai tsarki tana neman hana Musulmi haihuwa.

Hanya ta uku an fara ta ne a Kano a shekarar 2011, wato ɗibar ruwan magudanai, ciki har da na Jakara, ana gwadawa. Amfaninta shi ne tana nuna ƙwayar tana yawo ko da ba a ga yaron da ya shanye ba.

3.6 Gwajin Garkuwar Jiki

Rahoton ma'aikata yakan nuna an ɗiga wa kusan kowane yaro, amma cutar ba ta tsaya ba. Don warware wannan saɓani aka koma ga jinin yaran. Idan jiki ya haɗu da ƙwayar cuta ko rigakafinta, yakan samar da wasu sinadaran garkuwa da suke zama a cikin jini, kuma ana iya auna su. A shekarar 2011 aka gudanar da irin wannan gwaji a Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad a kan yaran birnin Kano da kewayensa. Cikin jarirai 'yan wata 6 zuwa 9, kashi 81 cikin 100 ne aka samu da garkuwa daga ƙwayar iri ta ɗaya. Da aka maimaita a 2013 adadin ya faɗo zuwa kashi 58, a 2014 kuma ya koma 72. Yaran da suka kai shekara 3 sun fi haka garkuwa sosai.

Wannan sakamako ya fito da abubuwa biyu. Na farko, gibin yana ga jarirai, waɗanda rigakafin yau da kullum ya kamata ya kare tun daga haihuwa. A karkara, inda mafi yawan mata a gida suke haihuwa kuma mai jego ba ta cika fita ba sai ta yi arba'in, jariri yakan daɗe bai haɗu da ma'aikacin lafiya ba. Na biyu, ɗigon ba ya kamawa da sauri a jikin yaron da ke fama da gudawa ko tamowa, don haka wanda aka ɗiga wa sau uku ma yana iya zama ba shi da kariya. Amsar tambayar iyaye ke nan, da suke cewa wane irin magani ne ba a gama shansa.

Shi ma maganin an yi ta gyara shi. Na asali ya haɗa iri uku, kuma iri ta biyu takan danne sauran a cikin hanji. A 2006 aka kawo mai iri ɗaya, a 2010 mai iri biyu, a 2015 aka shigar da na allura cikin rigakafin yau da kullum, a watan Afrilun 2016 kuma aka janye mai iri uku gaba ɗaya. Akwai kuma wata matsala da ta taso tun 2005. Ƙwayar da ke cikin ɗigon rayayya ce da aka raunana, kuma inda yara da yawa ba su da garkuwa takan daɗe tana yawo har ta dawo da ƙarfinta ta shanye yaro. Wannan ma shaida ce ta ƙarancin rigakafi, domin inda aka yi wa yawancin yara ba ta samun wurin yaɗuwa.

3.7 Sarakuna da Taswira da Sansanin Lafiya

Al'amura sun fara sauyawa ne a 2009, lokacin da gwamnoni suka rattaba hannu a kan alƙawarin Abuja, aka kuma kafa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya a matakin farko bisa jagorancin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar III. A Kano, Sarki Alhaji Ado Bayero ya mara wa aikin baya, aka ɗora wa hakimai da dagatai da masu unguwanni alhakin raka ma'aikata da sasanta gidajen da suka ƙi. Da ɗan gari akan ci gari. Adadin waɗanda suka shanye a ƙasa baki ɗaya ya faɗo daga 388 a 2009 zuwa 21 a 2010.

Duk da haka ya sake tashi zuwa 62 a 2011 da 122 a 2012, abin da ya nuna akwai yaran da ba ƙin yarda ce ta hana su samu ba, ba a isa gare su ba ne. A nan ne yanayin zaman da aka bayyana a sashe na 3.1 ya fito fili. Taswirorin da ma'aikata suke zanawa da hannu sukan tsallake ƙananan unguwanni da rugagen Fulani, musamman na kan iyakar mazaɓu biyu, inda kowace tawaga take zaton na ɗayar ne. Daga 2012 aka fara zana taswira da hotunan tauraron ɗan'adam, aka kuma ba tawagogi wayoyin da suke nuna inda suka taka. An kafa cibiyar ɗaukin gaggawa a Abuja a 2012, Kano ma ta sami tata. A wannan shekara gwamnatin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ta ƙulla yarjejeniya da Gidauniyar Ɗangote da ta Bill da Melinda Gates don farfaɗo da rigakafin yau da kullum.

Har ila yau, an ɗauki mata 'yan unguwa masu wayar da kai, waɗanda suke iya shiga gidan kulle, suna halartar suna don ɗiga wa jariri. An kuma kafa sansanonin lafiya inda ake duba manya da yara a ba su maganin zazzaɓi da na gudawa kyauta tare da ɗigon. Wannan ita ce amsar tambayar da magidanta suka daɗe suna yi. Aikin bai tafi ba tare da hasarar rayuka ba, domin ranar 8 ga Fabrairun 2013 'yan bindiga sun kashe aƙalla ma'aikatan rigakafi 9, yawancinsu mata, a wasu ƙananan asibitoci biyu a Kano.

A 2013 an sami yara 53 a Nijeriya, a 2014 kuma 6, biyar daga cikinsu a Kano. Na ƙarshe a jihar ya shanye ne ranar 24 ga Yulin 2014 a Sumaila. Bayan ɓullar wasu 4 a Borno a 2016, an bayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali ranar 25 ga Agustan 2020.

3.8 Abin da Aikin Ya Bari

Kafin wannan sanarwa, annobar korona ta riga ta iso Kano ranar 11 ga Afrilun 2020. Ministan Lafiya na lokacin, Dokta Osagie Ehanire, ya bayyana cewa cikin mace-mace 979 da aka bincika a ƙananan hukumomi 8 na birni da kewaye, kashi 50 zuwa 60 cikin 100 suna iya kasancewa da alaƙa da cutar. Jami'an sa ido da tsarin da aka gina don shan inna su aka juya ga wannan sabon aiki. Gwajin garkuwa da aka yi a 2021 ya nuna fiye da kashi 40 cikin 100 na mutanen jihar sun riga sun haɗu da ƙwayar, alhali waɗanda aka tabbatar a hukumance 'yan dubbai ne. Da rigakafin ya iso Nijeriya ranar 2 ga Maris 2021, tsohon zargin hana haihuwa ya sake tasowa. A wannan shekarar kuma ƙwayar shan inna mai rikiɗa daga ɗigo ta shanye yara fiye da 400 a ƙasar, duk da cewa Nijeriya ce ta fara amfani da sabon ɗigon da aka ƙera don magance ta.

3.9 Kammalawa

A wannan babi an ga yadda cunkoson jama'a da zirga-zirga tsakanin birni da ƙauye suka sauƙaƙa yaɗuwar shan inna a arewacin Kano, da yadda warwatsuwar gidaje ta wahalar da masu rigakafi. An kuma ga cewa dakatarwar 2003 ta tsananta annobar har ta kai ta wasu nahiyoyi, amma gwajin jini ya nuna jarirai suna cikin haɗari shekara goma bayanta, saboda raunin rigakafin yau da kullum. Nasara ta samu ne lokacin da aka koma ga masu unguwanni da matan gari, aka san inda kowane gida yake, aka kuma haɗa ɗigon da maganin cututtukan da jama'a suka fi kuka da su. Babi na gaba zai duba rayuwar waɗanda cutar ta riga ta shanye, da sana'o'in da suka kama, da matsayinsu a cikin al'umma.